Daga Ƙwallon Mangwaro zuwa Man Shafawa: Abin da Ragowar Amfanin Gona a Ƙasar Makarfi, Ikara da Kudan Za Ta Iya Yi wa Fata

Tsakure

Wannan takarda ta ɗauki maganar da ake yawan ji yanzu, cewa sharar gona za ta iya zama maganin cututtukan fata, ta auna ta da yadda noma yake a Gazara da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Makarfi, Ikara da Kudan. Ta nuna cewa yawancin abin da ake kira shara a wannan yanki yana da masu shi, kuma ɗan abin da ya rage da gaske ya fi dacewa da yin man shafawa da sabulu masu kare fata, ba maganin ƙazuwa ko ƙora ba. Daga nan ta kawo shawarar gwajin da ya kamata a fara da shi.

Gabatarwa



Ciwon fata ba ya cika kwantar da mutum, shi ya sa ake raina shi. Amma ƙididdigar cututtuka ta duniya ta shekarar 2010 ta sa shi a matsayi na huɗu cikin cututtukan da ke wahalar da mutane ba tare da sun kashe su ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutum sama da miliyan 200 na fama da ƙazuwa, kuma a 2017 ta shigar da ita cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Wani nazari da ya tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka ya ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar yana da ƙora a kai. Duk wanda ya leƙa makarantar firamare ko tsangaya a ƙasar Zazzau ba zai yi musun wannan ba.

A gefe guda, yankin nan yanki ne na noma mai yawan gaske. Makarfi da Gazara da Gubuchi an san su da rake da mazarƙwaila. Hunkuyi da Likoro da Kudan na fitar da tumatir da barkono, kuma a 'yan shekarun nan Kudan ta yi suna da noman inabi. Ikara na da masana'antar sarrafa tumatir da gwamnatin tsohuwar Jihar Kaduna ta kafa a 1981, wadda ta yi ta aiki tana tsayawa. Ga masara, ga dawa, ga shinkafar fadama. Ba abin mamaki ba ne mai nazari ya dubi tulin ɓawo da kara, ya dubi yaro mai ƙuraje, ya ce a haɗa wannan da wancan. Ni ma ina son a haɗa. Sai dai ina ganin akwai tambayoyin da ya kamata a amsa kafin a kunna injin matsa.

Shin sharar tana nan kuwa?

A ɗauki rake. Idan aka matse shi, kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa tuƙa ce, a ƙananan injuna ma ta fi haka. Wanda ya karanta wannan a littafi zai zaci duwatsun tuƙa na jiran mai kwasa a Gazara. Amma masu dafa mazarƙwaila suna shanya tuƙar, ita ce makamashin da ake hura wa kaskon da ruwan rake ke tafasa a ciki. Ranar da aka saye musu ita, itace za su koma saye, kuma itacen daga dajin da ya riga ya ƙare zai fito. Ganyen saman rake na shanu ne. Karan dawa na danga ne da zana da girki. Harawar wake da ta gyaɗa kuɗi ce tsaba a lokacin rani. Dusa ta masu kiwo ce. Totuwar masara tana shiga murhu, tokarta kuma mata na tace ta.

Wannan toka ita ce tsohon misalin abin da muke magana a kai. Tun kafin a san kalmar sinadari, matan Hausa suna tace ruwan toka su dafa shi da mai ko kitse su sami sabulu, kamar yadda matan ƙasar Yarbawa ke yi da tokar ɓawon koko da na ayaba. Sabulun salo da ake saye a kasuwa ana wanke ƙuraje da shi ɗan wannan hanya ne. Ke nan sarrafa ragowar gona don amfanin fata ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kuma manomin Gazara ba almubazzari ba ne. Duk tsarin da aka gina bisa zaton za a sami kayan aiki kyauta zai rushe tun a kasuwar farko, domin banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ake zubarwa da gaske kaɗan ne, kuma ana iya nuna shi da yatsa. Akwai ƙwallon mangwaro da ke cika bakin kasuwa da tasha daga watan Maris zuwa farkon damina. Akwai 'ya'yan dalbejiya da ke zuba a gindin bishiya yara na takawa. Akwai ɓawo da 'ya'yan tumatir a duk inda ake niƙa da tacewa, da ɓawon albasa a rumfunan 'yan gwari, da inabin da ya fashe ko ya yi ƙanana, da kumfar da ake kwashewa a saman kaskon mazarƙwaila.

Abin da ke cikinsu

Tumatir shi ne ya fi jan hankalin masu bincike, saboda laikofin, sinadarin da ke ba shi ja, ya fi taruwa a ɓawo, kuma 'ya'yansa na ɗauke da mai kusan kashi 20 cikin 100. Amma a yi lissafi. Ragowar da masana'anta ke fitarwa ba ta cika wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na tumatirin da aka niƙa ba, kuma fiye da rabinta ruwa ne. Idan aka niƙa tan 100, aka busar da ragowar, aka ware 'ya'yan, aka matse, da ƙyar man ya haura lita 100. Wannan ma sai masana'antar Ikara na aiki ba yankewa. Tumatirin yankin nan kuwa yawancinsa a kwando yake tafiya Kudu, ko a yanka a shanya ya zama kauɗa, da ɓawonsa da 'ya'yansa. Wanda ya ruɓe a gona lokacin da kasuwa ta faɗi shi ne ake nunawa a hoto ana cewa ga asara, kuma asara ce. Amma ruɓaɓɓen tumatir gidan fumfuna ne, ba a yin abin shafa wa jariri da shi.

Inabi ma haka. A Faransa, kamfanin Caudalie da aka kafa a 1995 a yankin Bodo ya gina kasuwarsa a kan 'ya'yan inabin da ake zubarwa bayan an matse ruwan. Can ana matse dubban tan kowace kaka. Inabin Kudan na ci ne, ɗanye ake sayar da shi, 'ya'yan na tafiya da mai saye. Sai ranar da aka sami masu matse ruwansa za a yi maganar ragowarsa.

Dusar shinkafa na da mai kashi 15 zuwa 20 cikin 100, mai kyau ga fata, amma tana da hali biyu. Da zarar an cashe shinkafa, wani sinadari da ke cikin dusar yakan fara lalata man cikin sa'o'i kaɗan, sai in an turara ta ko an gasa ta nan take. Shinkafar da aka turara kafin a cashe ta fi juriya. Na biyu, ƙananan injunan ƙauye sukan haɗa dusa da buntu wuri guda, sai man ya yi kaɗan, ƙaiƙayi ya yi yawa. Kumfar mazarƙwaila kuma tana ɗauke da kakin nan fari da ake gani a jikin rake, irin wanda ake cirowa a manyan masana'antun sukari na Kyuba da Indiya, amma ciro shi na buƙatar sinadarai da na'urorin da ba na ƙauye ba. Ɓawon albasa na da sinadarin kuwasetin da yawa, kuma ana sayar da mayukan tabo masu ruwan albasa a kantunan magani na duniya, sai dai gwajin da aka kwatanta irin wannan mai da basilin bai nuna ya fi shi ba.

Saura ƙwallon mangwaro, kuma a kansa nake son a daɗe. Ƙwayar da ke cikinsa, in ta bushe, tana da kitse kusan kashi 10 cikin 100. Kitsen daskararre ne, yana narkewa da ɗumin jiki, kuma tsarinsa ya yi kusa da na man kaɗanya. Indiya ta daɗe tana fitar da shi zuwa masana'antun kayan shafa da na cakulan. A nan kuwa, ƙwallon ba mai ci, ba mai ƙonawa, ba dabbar da ke jiransa. Ba a cika fesa wa bishiyar mangwaro ta gida magani ba, ƙwayar kuma a rufe take cikin ƙoƙo mai tauri. Fasawa da shanya da niƙa da dafawa aiki ne da matan da ke yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli suka riga suka iya. Matsalarsa ɗaya ce babba: ƙarshen lokacin mangwaro yana haɗuwa da saukar ruwan sama, kuma ƙwayar da ba ta bushe da wuri ba takan yi baƙi ta yi fumfuna. Wanda ya warware maganar busarwa ya yi rabin aikin.

Mai ba duka ɗaya ba ne

Mun saba ɗauka cewa duk man da ya fito daga tsiro alheri ne ga fata. Bincike bai goyi bayan haka ba. A Bangaladash, gwajin da aka buga a 2005 ya nuna cewa shafa wa bakwaini man 'ya'yan fulawar bi-rana ya rage musu kamuwa da cuta a asibiti da kusan kashi 40 cikin 100. A Ingila, wani gwaji na 2013 ya nuna cewa man zaitun, duk da darajarsa, yana raunana shingen saman fata idan aka daɗe ana shafa shi, alhali man bi-rana bai yi haka ba. Bambancin yana ga irin kitsen: wanda ya fi yawan linoleyik yana taimakon shingen, wanda oleyik ya rinjaya a cikinsa yana iya buɗe shi. Man 'ya'yan tumatir da na inabi suna cikin kashin farko. Kitsen mangwaro na da oleyik da yawa tare da sitiyarik, don haka wurinsa shi ne diddige da tafin hannun babba, ba fatar jariri ba, har sai an gwada.

Haka sabulun toka. Fatar mutum tana da ɗan tsami, awonta wajen 5 ne a ma'aunin tsami da kanwa, sabulun kuwa yakan kai 9 ko 10. Yana wanke datti da maiƙo sarai, amma mai kirci ko busasshiyar fata in ya lazimce shi a hunturu, fatar ƙara tsagewa take yi. Gyaran ba mai wuya ba ne: a auna ƙarfin ruwan tokar, a bar ɗan rarar mai a cikin sabulun. Wannan aiki ne da ɗalibin kimiyyar haɗa magunguna zai iya yi da ƙungiyar mata a zango ɗaya, kuma a ganina ya fi wasu manyan ayyukan da ake rubutawa amfani.

Dafin da ke biyo ɓawo

A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Tun daga lokacin feshi ya ƙaru, wani manomin ma yakan haɗa magani biyu ko uku a tanki ɗaya. Maganin ƙwari a ɓawo yake zama, kuma da yawansa mai yake bi. Ma'ana, hanyar da za a bi a tattara laikofin ita ce hanyar da za ta tattara dafin. Ba mu manta ba cewa a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda ragowar maganin ƙwari. Abin da aka ƙi a tukunya bai kamata a karɓe shi a kan gyambo ba, inda fata a buɗe take.

Tsiron kansa ma yana da nasa. Ɓawon mangwaro da ƙaronsa suna sa wa wasu mutane ƙuraje masu ƙaiƙayi, don haka dole a raba ƙwaya da ɓawo tsaf. Man dalbejiya, in aka ɗura wa jariri, yana iya jawo amai da farfaɗiya har da mutuwa, likitoci a Malesiya da Indiya sun rubuta haka tun shekarun 1980. Duk kwalbar da za ta shiga gidan da ake yi wa jarirai ɗauri sai an yi tunanin wannan.

Akwai kuma dafin da mutum ke zubawa da hannunsa. Kasuwa cike take da haɗe-haɗen mayuka da ake kira na gargajiya, alhali an zuba musu sitiroyid mai ƙarfi ko sinadarin bilicin don mai saye ya ga canji cikin kwana uku. Sitiroyid yana kwantar da ƙaiƙayin makero, amma yana ba ƙwayar cutar damar yaɗuwa, ya kuma sirantar da fata. Duk sana'ar da za a kafa a yankin nan da waɗannan za ta yi gogayya, kuma ba za ta iya yin alkawarin da suke yi ba.

Kalmar magani

A nan ne nake roƙon 'yan uwa masu bincike mu yi hattara. Mun saba a jiƙa ɓawo a sinadari, a ɗiga a faranti mai ƙwayoyin cuta, a ga sun ja baya, a rubuta cewa ɓawon kaza yana maganin cuta kaza. Tsakanin faranti da fatar mutum akwai tafiya mai nisa.

Ƙora misali ce. Ƙwayarta a cikin silin gashi take, inda man shafawa ba ya kaiwa. Ko mayukan asibiti ba sa warkar da ita su kaɗai, sai an sha magani irin girisiyofulbin na makonni. Ƙazuwa na da maganin da aka tabbatar, kamar man fametirin ko benzil benzowet ko ƙwayar aibamektin, kuma sai an yi wa duk mutanen gida lokaci guda an wanke tufafi da shimfiɗa. In aka bar ta, susa na buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cutar da ke iya taɓa ƙoda. Gaskiya ne a 1992 an ba da rahoto daga Indiya cewa haɗin dalbejiya da kurkum ya warkar da kashi 97 cikin 100 na mutum 814 masu ƙazuwa, amma ba a kwatanta su da wani rukuni ba, don haka rahoton dalilin yin gwaji ne, ba madadinsa ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne farin tabo. Mutum zai ɗauka ƙyasbi ne ya shekara yana shafa mai, alhali tabon da ba ya jin taɓi alamar kuturta ce, wadda maganinta kyauta ne, ga kuma cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta a Saye, nan kusa da Zariya. Kowane wata da aka ɓata, jijiya ce ke mutuwa.

Ba ina cewa ragowar gona ba ta zama magani na haƙiƙa ba. NexoBrid, wanda ake cire mataccen nama da shi a jikin wanda ya ƙone, daga kututturen abarba ake ciro shi. Turai ta amince da shi a 2012, Amurka sai a 2022. Filsuvez, na masu wata cutar gado da fata ke saluɓewa, daga ɓawon wata bishiyar katako ta ƙasashen sanyi aka samo shi, Amurka ta amince da shi a 2023. A gida ma, cibiyar NIPRD ta Abuja ta haɗa Niprisan na masu amosanin jini, kuma ganyen karan dafi na cikin tsirrai huɗu da aka yi shi da su. Amma kowannensu ya ci shekaru da gwaji a kan marasa lafiya, Niprisan kuma, bayan ya tsallake gwaji, harkar kuɗi da gudanarwa ce ta tsayar da yin sa na tsawon lokaci. Ya kamata kuma jama'a su san cewa lambar wucin gadi da NAFDAC ke ba maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba bai da illa a fili, ba shaidar yana warkarwa ba.

Inda ya kamata a fara

Akwai ciwon fata da man shafawa ne ainihin maganinsa, kuma shi ne ya fi yawa a yankin nan: kaushi da faso da bushewar fata. Manomin fadama yana wuni ƙafarsa a ruwa da taɓo, ya fito iskar hunturu ta busar da ita, diddige ya tsage har ya yi jini. Mai saran rake ganye na yanka masa hannu. Ga mai ciwon sukari ko wanda kuturta ta kashe wa jijiya, faso ƙofar gyambo ne. Abin da ake da shi yanzu shi ne basilin da man kaɗanya, ita kaɗanyar kuma gatarin masu gawayi na cin ta.

Shawarata ita ce a ɗauki abu ɗaya, kitsen ƙwallon mangwaro, a bi shi har ƙarshe. A kakar mangwaro, ƙungiyoyin mata a Gazara da Gimi da Hunkuyi su tattara, su fasa, su busar a kan gado mai rufi, a biya su da awo a kan farashin da aka yi yarjejeniya a rubuce. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru na da masu ƙera ƙananan na'urorin busarwa da matsa. Cibiyar NARICT da ke Basawa da Tsangayar Kimiyyar Haɗa Magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello za su iya auna tsabtar kitsen, da ragowar maganin ƙwari, da dafin fumfuna, da tsawon lokacin da zai yi bai yi ɗaci ba a zafin watan Afrilu. In ya tsallake, a liƙa ɗan kaɗan a bayan masu sa-kai na awa 48 a ga ko yana tayar da ƙuraje.

Sai hunturu ya kama a yi gwajin kansa, da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar kowane mai shiga, wadda za a nema da Hausa. A raba manoma masu faso gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rukuni ɗaya kitsen mangwaro, ɗaya basilin, a gwangwani iri ɗaya, na mako huɗu. Wanda zai duba ƙafafun kada ya san wanda aka ba wane. Ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Makarfi, wadda aka sani da sunan Shehu Idris, za su iya wannan aiki, kuma a wajen tantancewa duk wanda aka gani da ƙora ko ƙazuwa ko tabon da ba ya jin taɓi a tura shi asibiti a ranar. A rubuta kuɗin da kowane gwangwani ya ci tun daga ladan mai fasa ƙwallo, a ajiye shi kusa da farashin basilin a kasuwar Makarfi, a buga sakamakon ko ya yi daɗi ko bai yi ba, da Turanci don mujalla, da Hausa don matan da suka yi aikin.